Allon da ba a wanke ba: tarihin makaranta da zukatan yara a Kilomita Biyar

Duk wanda ya tashi a Kilomita Biyar ya san titin Koudoukou kamar yunwar cikinsa. A bakinsa Babban Masallaci yake, kusa da shi kuma makarantar gwamnati mai ɗauke da sunan titin. Tsakanin waɗannan gine-gine biyu yaran unguwa suka yi ta kai da kawowa shekara da shekaru, da safe jaka a kafaɗa, da yamma allo a hammata. Da yawa daga cikinmu mun taka wannan hanya ba tare da mun taɓa tambayar wane ne mai sunan ba.

Georges Koudoukou soja ne, haifaffen garin da ake kira Kaga-Bandoro a yau, cikin shekarar 1894. Shi ne ɗan ƙasar nan na farko da ya kai muƙamin hafsa a rundunar Faransa. Ya yi yaƙin duniya na biyu a hamadar Libiya, aka raunata shi a Bir Hakim, ya rasu a Iskandariyya ta ƙasar Masar ranar 15 ga Yuni, 1942. Bai dawo gida ba. Wato tun daga sunanta, makarantar da 'ya'yanmu suke zama a cikinta tana ɗauke da labarin wanda yaƙi ya tafi da shi.

An yi rubuce-rubuce masu yawa a kan abin da wannan unguwa ta rasa daga 2013 zuwa yau. An ƙidaya gidaje, an ƙidaya shaguna, an ƙidaya masallatai. Abin da ba a cika waiwaya ba shi ne halin da zukatan yaran makaranta suka shiga, da na malamansu, da na iyayen da suke raka su bakin ƙofa. Waiwaye adon tafiya, in ji masu iya magana. Wannan rubutu waiwaye ne a kan wancan ɓangare na tarihinmu.

Unguwa mai makarantu biyu

Faransawa sun kafa Bangi ranar 26 ga Yuni, 1889, a bakin kogin Ubangi. Tun kafin wannan lokaci fatake Hausawa sun san hanyar kudu. Sukan taso daga Kano su bi ta Yola, su sauka Ngaundere, su zarce kasuwar Kunde, ɗauke da tufafi, su koma da goro da hauren giwa. Sannu a hankali zango ya zama gida. Aka sami unguwannin Hausawa a Buwar da Karno da Berberati, daga baya wasu suka gangaro babban birni suka zauna a wurin da yake da nisan kilomita biyar daga tsakiyar gari. Daga nan unguwar ta sami sunanta, ta kuma zama babbar kasuwar ƙasa baki ɗaya.

Bahaushe a nan tsiraru ne a cikin tsiraru. Maƙwabcinsa Bafulatani ne, ko Babarbare, ko Balaraben Cadi, ko mutumin Senegal, ko ɗan ƙasa Musulmi, ko Kirista da suke sha daga rijiya ɗaya. Yaronsa kuwa da harsuna huɗu yake tashi: Hausa a tsakar gida, Sango a titi, Faransanci a aji, Larabci a kan allo.

A wancan zamani babu wanda yake furta kalmar lafiyar ƙwaƙwalwa, amma akwai tsarin da yake tallafar zuciyar yaro ko da ba a sa masa suna ba. Tsarin ya tsaya ne a kan duwatsun murhu uku. Na farko dangi. Yaron da ya yi rashi yana da goggo da kawu da inna, yana da kaka mai tsokanarsa har sai ya yi dariya, mai yi masa tatsuniya idan dare ya yi. Na biyu malami mazaunin wuri ɗaya. Malamin allo ya san uban yaro, ya san kakansa, ya san gidan da aka kwana babu wuta a murhu. Idan almajiri ya yi kwana biyu bai zo ba, kafin na uku an aika a dubo shi. Na uku kuwa al'adar rabuwa da mamaci: wanka, sutura, salla, rakiya zuwa maƙabarta, zaman makoki, sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in. Waɗannan matakai sukan ba baƙin ciki hanyar da zai bi ya fita, su kuma nuna wa yaro cewa mutuwar ubansa ta shafi unguwa duka.

Kada mu yi wa jiya kwalliyar da ba ta da ita. A cikin wannan tsari akwai bulala, akwai tsawa, akwai kuma maganar nan da muka gada cewa yaro bai san komai ba, zai manta. Kunya da kawaici sun hana mu tambayar juna abin da ke ci mana rai. An koya mana cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Duk da haka murhun ya riƙe tukunya, domin duwatsun uku suna nan daram.

Shekarun da duwatsun suka tarwatse

Ranar 24 ga Maris, 2013, mayaƙan Seleka suka shiga Bangi, Shugaba François Bozizé ya tsere, Michel Djotodia ya hau mulki. Watannin da suka biyo baya na kwasar ganima ne da kisa, kuma mafi yawan waɗanda abin ya faɗa wa ba Musulmi ba ne. Ranar 5 ga Disamba ta wannan shekara 'yan anti-balaka suka far wa birnin, Faransa ta ƙaddamar da rundunar Sangaris. Djotodia ya yi murabus a Injamena ranar 10 ga Janairu, 2014, aka zaɓi Catherine Samba-Panza ta riƙe ƙwarya. Daga nan ramuwar gayya ta juyo kan duk wanda aka san shi da salla, ko da bai taɓa riƙe makami ba.

Dutsen farko da ya fara gocewa shi ne dangi. Manyan motoci suka riƙa lodin mutane zuwa Cadi da Kamaru, jiragen sama suka kwashi wasu zuwa Mali da Senegal da Nijar da Najeriya, ƙasashen da da yawansu ba su taɓa taka su ba. Ƙiyasin da aka yi ta ambata a lokacin ya nuna cewa daga Musulmi kusan 122,000 da ke Bangi kafin rikicin, waɗanda suka rage a Kilomita Biyar zuwa ƙarshen 2015 ba su wuce kimanin 15,000 ba. Yaro ya wayi gari kakarsa tana Garwa-Bulai, kawunsa yana wani sansani a kudancin Cadi, abokin da suke zama benci ɗaya kuwa babu wanda ya san inda yake. A ɗaya ɓangaren ma haka abin yake: kusan mutum 100,000, galibinsu Kiristoci, suka tare a filin jirgin saman M'Poko, yaransu suna kwana a ƙarƙashin fukafukan tsofaffin jirage.

Dutse na biyu makaranta ce. Tun a watan Oktoban 2013 asusun UNICEF ya bayyana cewa bakwai daga cikin kowane ɗalibai goma na firamare a wuraren da aka bincika ba su koma aji ba tun da rikici ya fara a Disamban 2012. A farkon 2014 kusan kashi biyu bisa uku na makarantun ƙasar a rufe suke. An kwashe bencuna an yi makamashi da su, an cire kwanon rufi, an mayar da ajujuwa barikin mayaƙa. Kowane ɓangare ya aikata wannan. Makarantar Yamwara da ke yankin Boeing ta zama sansanin Alfred Yekatom, wanda Kotun Duniya da ke Heg ta yanke wa hukuncin ɗaurin shekara 15 a watan Yulin 2025. A Kilomita Biyar malaman gwamnati da yawa mazauna wasu unguwanni ne, shigowa ta zama musu sayar da rai. Yaran unguwa su ma fita zuwa sakandare a cikin gari ta gagare su. Harabar Babban Masallaci ta cika da tantunan waɗanda aka koro daga gidajensu. A watan Maris na 2015 jakadiyar Amurka a Majalisar Ɗinkin Duniya ta shaida cewa an rusa masallatai 417 daga cikin 436 da ke ƙasar. Mai karatu ya tuna cewa kusan kowane masallaci yana da makarantar allo a gefensa.

Dutse na uku shi ne wanda ya fi ciwo, shi ne kuma aka fi yin shiru a kansa. Maƙabartar Musulmi tana Boeing, hanyar zuwa can kuma ta toshe. Sama da shekara biyu mutanen unguwa ba su iya kai gawa inda kakanninsu suke kwance ba. Masallacin Ali Babolo ya zama wurin da ake jera gawawwaki, dangi su zo su duba ko nasu na ciki. An binne mutane a cikin gidaje da filayen unguwa, cikin gaggawa, wani lokaci ana jin harbi. Wasu kuma ba a ga gawarsu ba har yau. Yaron da aka binne ubansa a bayan ɗaki, ko wanda aka ce masa Baba ya yi tafiya, bai sami rakiya ba, bai sami zaman makoki ba, bai ga unguwa ta taru domin ubansa ba. Baƙin cikinsa ya rasa ƙofar fita, sai ya zauna a ciki.

Yadda ciwon yake zuwa aji

Ƙasar nan ba a 2013 ta fara ganin tashin hankali ba. A ƙarshen 2009 wasu masu bincike biyu, Patrick Vinck da Phuong Pham, sun tattauna da manya 1,879 a Bangi da jihohi huɗu, suka wallafa sakamakon a 2010. Fiye da rabin mutanen suna ɗauke da alamun ciwon damuwa mai tsanani, fiye da rabi kuma da alamun fargaba. Waɗannan su ne iyayen yaran da yaƙin 2013 ya tarar. A 2015 kuma ƙungiyar Save the Children ta fitar da binciken da ya nuna cewa sama da kashi 60 cikin 100 na yara 'yan makaranta da aka bincika suna fama da ciwon razana mai biyo bayan masifa. A daidai wannan lokaci likitocin ƙwaƙwalwa a faɗin ƙasar ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, sashen kula da masu wannan lalura kuma ɗaya ne, a babban asibitin Bangi.

Hausawa sun daɗe da sanin wannan ciwo, domin su suka ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Allah Ya halicci jikin ɗan Adam da ƙararrawar tsaro. Idan haɗari ya taso, zuciya takan yi sauri, numfashi ya gajarta, jiki ya shirya gudu ko faɗa. Idan haɗarin ya wuce, ƙararrawar takan yi shiru. Amma yaron da ya yi watanni yana kwana da ƙarar bindiga, tasa ƙararrawar takan maƙale. Ƙofar aji ta bugu da ƙarfi, sai a gan shi ƙarƙashin benci. Babur ya yi tari a titi, sai alli ya faɗi daga hannunsa. Da dare mafarki ya hana shi barci, da safe ya zo aji yana gyangyaɗi. Ƙwaƙwalwar da take gadin ƙofa da taga ba ta da sararin riƙe lissafi ko hadda.

Ciwon kuma ba fuska ɗaya gare shi ba. Wani yaron faɗa yake yi da kowa. Wata yarinyar shiru take yi kamar ba ta cikin ajin. Wani ya koma fitsarin kwance bayan ya daɗe da bari. Wata kullum ciwon ciki ko ciwon kai, a je asibiti a rasa abin da ke damunta. Saurayi kuma ya sami tiramol a bakin kasuwa, ya ga ta ba shi barcin da ya rasa. Mu kuwa da muka gani, sai muka ba kowanne sunan da muka saba da shi: wannan taurin kai, wannan daƙiƙanci, wannan lalaci, waccan iskokai. Sunan da aka ba ciwo shi yake zaɓar maganinsa. Mai taurin kai aka ba shi bulala, alhali bulalar ƙara kaɗa ƙararrawar take yi.

Kowane almajiri ya san ba a yin sabon rubutu a kan allon da ba a wanke ba. In aka yi, tsohon da sabon duk su dagule, a kasa karanta ko ɗaya. Haka yaranmu suka koma aji, allunansu cike da abin da idonsu ya gani, muka ɗauki alƙalami muka hau rubutu a kai.

Ƙofofin da suka buɗe

Ba a zauna hannu rungume ba. Tun a Disamban 2012 shugabannin addini uku suka haɗa kai: Imam Oumar Kobine Layama, da babban limamin Katolika na Bangi Dieudonné Nzapalainga, da Fasto Nicolas Guérékoyame-Gbangou. Lokacin da wuta ta yi tsanani, a gidan Nzapalainga Imam ɗin ya sami mafaka shi da iyalinsa. A 2014 UNICEF da abokan aikinta suka kafa ajujuwan wucin gadi a sansanonin 'yan gudun hijira, inda ake haɗa karatu da wasa da zane da waƙa. Likitocin MSF sun yi aiki a asibitin Mamadou M'Baïki da ke cikin unguwa. A taron ƙasa na Bangi, cikin watan Mayun 2015, ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai suka sa hannu cewa za su saki yaran da ke hannunsu, waɗanda aka ƙiyasta tsakanin 6,000 zuwa 10,000. A wannan shekara kuma gwamnati ta amince da yarjejeniyar Oslo ta kare makarantu a lokacin yaƙi.

Sai ga ranar 30 ga Nuwamba, 2015. Wata biyu ke nan da sabuwar tarzomar da ta ɓarke ranar 26 ga Satumba, bayan kisan wani matashi Musulmi mai haya da babur, unguwa kuma a kewaye take. A wannan yanayi Fafaroma Francis ya shigo titin Koudoukou, ya cire takalmi ya shiga Babban Masallaci, Imam Tidiani Moussa Naibi ya tarbe shi. Ya ce Kirista da Musulmi 'yan'uwan juna ne. Ya gaisa da mazauna tantuna, ya tsaya a makarantar Koudoukou, sannan ya ɗauki limamin a motarsa. Matasan unguwa suka bi ayarin a kan babura har filin wasa na Barthélemy Boganda, wasunsu rabon su da ƙetare iyakar unguwa an yi watanni. Ga manya wannan lamari ne na siyasa da addini. Ga yaro kuwa darasi ne da ya gani da idonsa: ashe hanyar tana buɗuwa, ashe baƙo yana iya shigowa babu bindiga a hannunsa.

Mako biyu bayan haka, ranar 13 ga Disamba, jama'a suna layin ƙuri'ar raba gardama a makarantar Baya Dombia aka buɗe wuta da manyan makamai, aka rasa rayuka. Makaranta ta sake zama wurin jini. Amma ranar 11 ga Fabrairu, 2016, mutanen Kilomita Biyar da na Boeing suka sa hannu a kan yarjejeniyar daina kai wa juna hari, hanyar maƙabarta ta buɗe. A ganina, idan ana lissafin abin da aka yi domin lafiyar zukatan yaran wannan unguwa, wannan yarjejeniya tana sahun gaba. Ta mayar da dutse ɗaya cikin uku wurinsa.

Kwanciyar hankalin ba ta ɗore kai tsaye ba. A watan Afrilun 2018 sojojin MINUSCA suka ƙaddamar da farmakin da suka kira Sukula a kan ƙungiyoyin da suke kiran kansu masu kare unguwa, aka kashe mutane da dama, masu zanga-zanga suka jera gawawwaki a ƙofar hedikwatar rundunar. Ranar 1 ga Mayu aka kai hari cocin Fatima, aka kashe masu ibada tare da Fada Albert Toungoumalé-Baba, mutumin da aka sani da aikin sulhu. A ƙarshen Disamban 2019 'yan kasuwa suka gaji da harajin dole, suka gwabza da waɗannan ƙungiyoyi, shaguna suka ƙone. A nan dole mu faɗa wa kanmu gaskiya: wani ɓangare na tsoron da yaranmu suka sha daga cikin gida ya fito, daga samarin da muka san iyayensu, waɗanda su ma 'yan makaranta ne kafin makarantar ta rufe. Da Sango ana kiran zaman lafiya siriri. Bahaushen da ya ji kalmar yakan yi murmushi, domin ya san abu siriri ba ya wuyar tsinkewa.

Wa yake duba malami?

A duk wannan labari akwai mutumin da ake mantawa da shi. Malamin da aka ce ya kwantar wa yara hankali, shi ma ya binne nasa, shi ma ya gudu da dare, shi ma ba ya barci. A ƙasar nan ajujuwa masu yawa suna hannun malaman da iyayen yara suke ɗauka su biya daga aljihunsu, ba tare da cikakken horo ba, ba tare da tabbataccen albashi ba. Malamin allo kuwa sadakar Laraba ce abin dogaronsa, kasuwar da take kawo ta kuma ta sha ƙonewa. Mutumin da yake tsaye a gaban yara masu ɗimbin yawa, cikinsa babu abinci, zuciyarsa cike da nasa ƙuncin, hannunsa ba ya nisa da bulala. Haka uwar da ta yi takaba a cikin tanti, take kwana tana lissafin abin da za a ci gobe. Tsawar da take yi wa ɗanta ba ƙiyayya ba ce, tata ƙararrawar ce ta maƙale. Saboda haka duk gyaran da ya tsaya a kan yaro shi kaɗai, ya bar malami da uwa, jinka ce aka ɗora wa hannu ɗaya.

Abin da muka gada

Wasu suna ganin maganar lafiyar zuciya baƙuwa ce da ƙungiyoyin agaji suka shigo da ita, ko kuma alama ce ta raunin imani. Tarihinmu bai goyi bayan wannan ba. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, shekarar baƙin ciki aka sa mata suna. Annabi Yaƙuba ya yi kukan rabuwa da ɗansa har ganinsa ya tafi, kuma ba a cire shi daga sahun masu haƙuri ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim, ya kuma tsaya ya rarrashi wani ƙaramin yaro a Madina don tsuntsun da yake wasa da shi ya mutu. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934, ya rubuta littafi a kan lafiyar jiki da ta rai, inda ya rarrabe baƙin cikin da aka san sanadinsa, wanda nasiha da abokin zama suke sauƙaƙawa, da ƙuncin da yake sauka babu dalili bayyananne, wanda ya ce yana buƙatar maganin likita.

A ƙasar Hausa kuma muna da Nana Asma'u 'yar Shehu. An haife ta a 1793, tana da kimanin shekara goma sha ɗaya aka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a 1804. Ta ga yunwa, ta ga annoba, ta ji labarin Tsuntsuwa inda mahaddata masu yawa suka kwanta dama. Yarinyar yaƙi ce kamar yaranmu. Da ta girma ba ta haɗiye abin da ta gani ba. Ta rubuta tarihinsa, ta yi wa mamatanta marsiyya, sannan ta kafa 'Yan Taru, ta naɗa jajoji suna bi ƙauye ƙauye suna tara matan da yaƙi ya ɗaiɗaita, suna koyar da su, suna mayar da su cikin jama'a.

A zamanin kusa ma Afirka ta ba duniya darasi. A 1954 Dakta Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abekuta, inda marar lafiya yake zama a ƙauye tare da ɗan'uwansa maimakon a kulle shi, likita kuma yana aiki kafaɗa da kafaɗa da masu maganin gargajiya. A asibitin Fann na Dakar, daga 1959, an bi irin wannan hanya, ana zaman da'ira tsakanin majinyata da dangi da likitoci kamar zaman dandali. Abin da suka gano shi ne abin da kakanninmu suka sani: zuciya a cikin mutane take warkewa.

Bashin da ke kanmu

Yaron da yake da shekara goma a 2013 ya haura ashirin yanzu. Shi ne mai shago, shi ne mai babur, shi ne sabon malamin aji, ita ce uwar da take goye da jariri a ƙofar makarantar Koudoukou. Abin da ba a wanke daga allonsu ba, shi za su rubuta a kan na 'ya'yansu, ta hanyar tsawa, ko duka, ko shirun da yaro ba ya gane dalilinsa. A nan ne tarihi ya daina zama labari ya zama bashi.

Biyan bashin bai fi ƙarfinmu ba. Malami, na boko ko na allo, kafin ya ɗaga bulala ya tambayi yaro yadda ya kwana, domin labarin zuciya a tambayi fuska. Taron iyayen yara kada ya ƙare a kan kuɗin alli da gyaran kwano, a ware lokacin da za a ambaci yaran da halinsu ya canja. Malamai su sami zaman kansu, ko sau ɗaya a wata, su sauke wa juna kayan da suke ɗauke da shi. Limamanmu su faɗa a kan mumbari cewa kuka ba ya kore haƙuri, kuma zuwa asibiti ba ya kore tawakkali. Mai tofi ya yi tofinsa, amma idan ya ga yaro ya yi makonni ba ya barci, ko ya daina ci, ko yana shan ƙwaya, ko yana cewa gara ya mutu, to ya kama hannun uban ya nuna masa hanyar likita a ranar, kada a jira gobe. Marayan da aka ɓoye wa gaskiya a gaya masa ita daidai hankalinsa, a kai shi ya ga kabarin idan an san inda yake, a yi addu'ar da ba a samu yi ba a wancan lokaci. Yaron maƙwabci Kirista da yake zaune benci ɗaya da namu, wanda ya yi rarrafe a filin M'Poko, shi ma a sa shi cikin lissafi, domin ɗa na kowa ne.

Mai karatu ya tuna yadda ake wanke allo a makarantarmu. Ba a kankare shi da ƙarfi, ba a kuma zubar da ruwan a inda ƙafa take takawa. A hankali ake wankewa, a tara ruwan, a kai shi wuri mai tsarki, domin abin da ke kan allon yana da alfarma. Abin da yaranmu suka gani shi ma haka yake. Ba mantawa muke nema su yi ba. So muke a saurare su, a karɓi abin da suka ɗauko da mutunci, a ajiye shi inda ya dace, sannan allon ya bushe a yi sabon rubutu.

Allah Ya ji ƙan waɗanda suka riga mu, na Boeing da na bayan ɗaki da waɗanda ba a ga gawarsu ba. Allah Ya sanyaya zukatan yaranmu da malamansu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.